Ɗakin da Ba Shi da Ƙofa: Yadda Labarin Wasan Mutuwa na Ƙasar Sin Ke Kama Mai Karatu

Mutum goma suka farka suka gan su zaune kewaye da teburi, a wani ɗaki ba ƙofa ba taga. Ƙwan lantarki ɗaya ne rataye a tsakiya, ya lumshe ya dawo, ya lumshe ya dawo. A kan teburin an ajiye ƙaramin agogo. Can gefe wani mutum na tsaye cikin baƙar kwat, ya kifa kan bunsuru a fuskarsa, na gaske, har warinsa na tashi. Ya gaishe su, sai dai a cikin gaisuwar ya ce su tara ne. Aka ce masa ai goma ke zaune. Ya zagaya bayan wani saurayi ya rotsa masa kai a kan teburin. Lissafi ya fita daidai.

Haka littafin Shi Ri Zhong Yan ya buɗe, sunan da ma'anarsa ta yi kusa da "ƙarshe cikin kwana goma". Marubucin yana amfani da laƙabin Shachong Dui Duiyuan, wato ɗan ƙungiyar kashe ƙwari. Ya fara sakin labarin babi-babi a ƙarshen 2022 a manhajar Fanqie ta kamfanin ByteDance, masu TikTok, bai ajiye alƙalami ba sai 2024, bayan babi fiye da 1,000. An kuma buga shi a takarda.

Ƙanena da ke karatun injiniya a ƙasar Sin ne ya jefa ni ciki. Da ya zo hutu na lura ko tuwo yake ci, wayar na hannun hagu, idonsa na kanta.

"Kai, wai me kake karantawa haka da ko sallama ba ka amsawa?"

"Yaya, wani littafi ne abokin ɗakina ya haɗa ni da shi. Ka karanta babi goma kawai. In ka iya ajiyewa bayan nan, tsiren yau a kaina."

Bai sayi tsiren ba. Shi da Sinanci yake lallaɓa karatunsa, yana duba ƙamus, ni kuwa wata fassarar Turanci ya nemo mini, mai gargada kamar hanyar ƙauye da damina. Duk da gargadar, sai da aka kira assalatu ina kai.

Irin waɗannan labarai sun yi yawan da ba mai iya karance su, a ƙasar da masu karanta adabin intanet suka haura miliyan 500. Shi ya sa na ɗauki littafi ɗaya, a cikinsa ma ɗaki ɗaya, in duba abin da ke sa mutumin da ya wuni yana fama da karatu ko aikin ofis ya kwana yana karanta yadda ake kashe mutane da ƙa'ida. Wanda ke da niyyar karanta littafin ya sani tun yanzu, zan tona asirin wasan farko.

Wasan maƙaryaci

Mai kan bunsuru ya ce an tara su ne don a fitar da abin bauta daga cikinsu, irin Nuwa ta tatsuniyoyin Sinawa. Sannan ya shimfiɗa ƙa'ida. Kowa zai ba da labarin abin da ya same shi dab da zuwansa ɗakin. Cikin masu ba da labari akwai maƙaryaci ɗaya tak. A ƙarshe kowa zai rubuta sunan wanda yake zargi. In duka suka dace, maƙaryacin ne zai mutu. In ko mutum ɗaya ya kuskure, maƙaryacin ya tsira, sauran su tafi. Aka raba kati, wanda ya zari mai ɗauke da kalmar "maƙaryaci" dole ya yi ƙarya.

Jarumin littafin, Qi Xia, ya ɗaga nasa katin. Maƙaryaci. Kuma dama sana'arsa ke nan a waje, ɗan damfara ne.

Sai labarai suka fara zuwa. Akwai ɗan sanda, da likita, da lauya mace, da malamar makarantar ƙananan yara, da marubucin labarai, da mai ba masu damuwa shawara, da wani ɗan daba mai zane a hannu, da wata mai zaman kanta. Kowa daga lardinsa daban, amma labarin kowa ya ƙare da girgizar ƙasa, kuma wani labarin na taɓa gefen wani, kamar waɗanda aka ɗinke da zare ɗaya ba su sani ba.

A nan na tashi daga kwance. An ɗauke wuta, na haska fitilar waya na lalubo biro da bayan wata tsohuwar takardar kuɗin wuta, na zana da'ira, na jera mutum tara a bakinta, ina rubuta garin kowa da abin da ya faɗa. Na san Qi Xia ne ya zari katin, to amma zuciyata ta ƙi yarda cewa abin zai zo da sauƙi haka. Na kafe a kan likitan, don labarinsa ya fi na kowa tsafta, ni kuwa ban yarda da labarin da ba shi da ƙura ba. Na ja layi biyu a ƙarƙashin sunansa.

Na faɗi jarrabawar. Qi Xia ya gano cewa kowa a teburin katin maƙaryaci ya zara, shi ya sa kowa ke zufa. Ya dubi layukan da aka zana a bango da ƙasa da rufi, waɗanda suka raba ɗakin gida-gida, ya auna girmansa da su, ya lissafa iskar da ɗaki rufaffe kamar wannan zai ɗauka da wadda mutum goma za su shaƙa cikin awannin da aka ce sun yi barci. Da tuni sun shaƙe. Tunda ba su shaƙe ba, to ba rayayyu ba ne, girgizar ƙasar nan ta riga ta gama da su. Saura batun maƙaryaci ɗaya tak. Ƙa'ida ta ce "cikin masu ba da labari", kuma akwai wanda ya ba da labari tun kafin kowa ya buɗe baki, lokacin da yake faɗin dalilin tara su. Suka rubuta sunan mai kan bunsuru. Ya ɗauki bindiga ya harbe kansa, don ƙa'idar da ya karanto da bakinsa ta hau kansa.

Na koma baya na sake karanta babin farko. Layukan bangon suna nan, an ambace su tun mutanen ba su gama mutsuke ido ba. Awannin barcin suna nan. Kalmar "masu ba da labari" tana nan. Ba abin da aka ɓoye mini, ni ne na bi ta kai da gudu don hankalina na kan jinin da ke teburi.

Ina ganin nan ne ƙugiyar farko take. A fim ɗin ban tsoro, in abin ya yi tsanani mutum na iya rufe ido ya buɗe bayan an wuce wurin, bai yi asarar komai ba. A nan wanda ya kau da kai ya rasa amsa, domin a wurin da ya fi muni ake binne alamar. Tsoron da kansa shi ke janye hankalinka daga hujja, kamar yadda mai yankan aljihu ke bangazarka ta dama ya zare ta hagu. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, to marubutan nan sun gane cewa in ka nuna wa mutum duhu, ka kuma tabbatar masa akwai ashana a ɗakin, ba zai fita ba sai ya lalubo ta. Kujerar saurayin da aka kashe a shafin farko ba ta zauna haka nan ba. Ni na hau ta, da birona.

Ƙugiya ta biyu ta fi wannan kaifi. Wanda ya kafa doka, ya kashe mutum a gaban kowa don a san ba wasa ya zo yi ba, shi ne dokar ta cinye. Masu karatun Sin suna da kalma guda da suke auna littafi da ita, shuang, daɗin nan da ke sauka a ƙirji kamar ruwan randa bayan tafiyar rana. Akwai littattafan da shuang ɗinsu shi ne jarumi ya mari wanda ya raina shi, ko ya wayi gari da dukiya. Na wannan littafin shi ne ka ga an kama mai iko da kalmar bakinsa. Kuma da tafiya ta yi nisa za ka tarar masu kawunan dabbobin nan, waɗanda aka ɗauko daga dabbobi 12 na kalandar Sinawa, su ma ma'aikata ne. Kowace dabba da irin wasanta: na bunsuru ƙarya, na ɓera nema, na sa ƙarfi, na alade sa'a, na kare haɗin kai. Suna da matakai, na mutum, na ƙasa, na sama, suna sa hannu a yarjejeniya, suna da na gaba da su, suna neman ƙarin girma. Dodon da ya firgita ka a babi na ɗaya ashe ƙaramin ma'aikaci ne da ke tsoron maigidansa. Ban san wani mai albashi da zai karanta wannan bai yi murmushin takaici ba.

Inda abin ya samo asali

Sinawa na kiran wannan salo wuxian liu, "kwarara mara iyaka", kuma sunan daga littafi ɗaya ya fito, Wuxian Kongbu, "tsoro mara iyaka", wanda marubuci mai laƙabin zhttty ya fara saki a dandalin Qidian a 2007. Jaruminsa Zheng Zha ma'aikacin ofis ne da rayuwa ta gundura. Wani ɗan akwatin saƙo ya faɗo a allon kwamfutarsa yana tambayarsa ko yana son ya san ma'anar rayuwa, ya danna "e", sai ga shi a cikin fim ɗin Resident Evil, gawarwaki na binsa. In ka tsira daga fim ɗaya a ba ka maki, ka sayi makami ko ƙarfi a wurin uban wasan, wani dunƙulen haske da ake kira zhushen, ka huta kwanaki, a sake jefa ka wani fim ɗin.

Tsarin da ya bari shi ake bi har yau. Kowace duniya da aka shiga ana ce mata fuben, kalmar da aka aro daga wasannin kwamfuta, inda take nufin wani keɓaɓɓen zango da 'yan wasa ke shiga su gama su fito. Akwai sababbin shiga da tsofaffin hannu. Akwai paohui, "tokar igwa", mutanen da aka ƙirƙira don su mutu da wuri su nuna wa sauran inda ramin yake. Tabbas akwai irin wannan labari a wasu ƙasashe, Japanawa sun riga su da Battle Royale a 1999, Koriya ta girgiza duniya da Squid Game a 2021. Abin da ya bambanta na Sin shi ne tsawo da maimaici: ka tsira yau, gobe akwai wani ɗakin, jibi ma haka. A Shi Ri Zhong Yan an ce su tara wasu 'yan ƙwallaye da ake kira dao har 3,600 cikin kwana goma. Ko mutuwa ba ta fitar da mutum, kwana goman na cika a dawo da kai teburin nan, galibi ka manta komai.

Jarrabawa

Duk wanda ya san yadda matashin Sin ke tasowa, wannan maimaici ba zai zame masa baƙo ba. Ran 7 ga Yuni kowace shekara ake fara gaokao, jarrabawar shiga jami'a, kuma a 2024 mutum miliyan 13.42 suka yi rajistarta. Yaro na shafe shekaru ana jera sunansa a allo gwargwadon makinsa, ana ƙirga masa kwanakin da suka rage a bangon aji. Ya tsallake wannan, sai jarrabawar shiga digiri na biyu, ko ta neman aikin gwamnati. Ya samu aiki a kamfani, sai 996, daga tara na safe zuwa tara na dare, kwana shida a mako, tsarin da kotun ƙolin ƙasar da ma'aikatar ƙwadago suka ce ya saɓa doka a Agustan 2021. A 2020 wata kalma ta cika bakin matasa, neijuan. Misalinta kamar gidan kallon ƙwallo ne: na gaba ya miƙe don ya gani da kyau, na bayansa ya miƙe, har kowa ya tsaya a kan ƙafa, ba wanda ya fi ɗazu gani, ga gajiya ta ƙaru.

Marubutan ba su ma wahalar da kansu wajen sakaya kamannin ba. Littafin Quanqiu Gaokao na Mu Su Li, wanda ya fito a dandalin Jinjiang a 2018, sunansa ma "jarrabawar duniya baki ɗaya". Ana jefa mutane ɗakin jarrabawa, da masu sa ido masu lamba, da takardar tambayoyi, amsar da ba daidai ba kuwa rai ake biya da ita. (Jinjiang dandali ne da mata suka fi yawa a cikinsa, kuma da yawa daga littattafansa na wannan salo, har da wannan, soyayyar maza biyu ake saƙawa a ciki. Mai shiga ya shiga da saninsa.)

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne daɗewar wannan haɗi na jarrabawa da mutuwa a adabinsu. Pu Songling, wanda ya rayu daga 1640 zuwa 1715, shi ne uban labaran fatalwa da aljanun dila a ƙasar Sin. Ya ci matakin farko na jarrabawar sarauta yana saurayi, sannan ya yi ta faɗuwa mataki na gaba har tsufa ya cim masa, yana koyar da 'ya'yan masu hali don ya ci abinci. Labarin farko a kundinsa Liaozhai na wani malami ne da ke kwance ba lafiya, manzo ya zo da doki ya ce ana kiransa jarrabawa. Ya je ya zauna gaban manyan lahirarsu ya rubuta, ya ci, aka ba shi muƙamin mai tsaron wani birni a can. Ya roƙi a ɗaga masa ƙafa saboda tsohuwar mahaifiyarsa, aka duba littafi aka ba shi shekara tara. Mutumin da jarrabawar duniya ta ƙi shi ya zauna ya ƙirƙiro wata a lahira, inda masu gyaran takarda ke da adalci har da tausayi. Shekara 300 ke nan, kuma ban ga abin da marubutan Fanqie da Jinjiang suke yi da ya wuce wannan ba, sai dai su sun cire tausayin.

Na tambayi ƙanena ko abokin ɗakin nasa ba ya jin tsoro, mutumin da ke wuni a laburare yana shirin jarrabawar digiri na biyu, sannan ya kwanta da irin wannan karatu.

"Na taɓa tambayarsa, Yaya. Dariya ya yi, ya ce a littafin ko ba komai ana karanto maka ƙa'idar kafin a fara."

Maganar ta zauna mini, don na tuna abin da ya faru a 2023. A watan Yuni rashin aikin yi tsakanin matasan birane 'yan shekara 16 zuwa 24 ya kai kashi 21.3 cikin ɗari. A watan Agusta hukumar ƙididdiga ta daina fitar da alƙaluman, da ta dawo da su a farkon 2024 kuma ta canza hanyar lissafi, ta cire ɗalibai. Matashin da aka ce masa ka yi karatu za ka samu aiki, ya yi bai samu ba, bai da mai kan bunsurun da zai rubuta sunansa a takarda. A littafi akwai shi, yana tsaye a gefen teburi, kuma dole ya biya.

Kasuwar da ta ƙera salon

Ba zan ɗora komai a kan halin rayuwa ba, don kuɗi ma sun yi aikinsu. Tun 2003 Qidian ya fito da tsarin karanta farkon littafi kyauta, sauran a biya 'yan fen kaɗan kan kowane haruffa dubu, fen ɗari kuwa ke yin yuan ɗaya. Marubuci na sakin dubban haruffa kullum, in ya yi fashi ya rasa ladan zuwa aiki na wata. Masu bin littattafan Hausa na intanet sun san irin wannan ciniki, shafukan kyauta su ja ka, a tsaya a daidai inda ranka ke so, a ce sai ka tura kuɗi a sa ka a guruf. Fanqie, wadda ta fito a 2019, ta zo da nata salon: karatu kyauta ne, talla ke biya, saboda haka abincin marubuci ya dogara ga yawan waɗanda suka zauna suka ci gaba da juya shafi. Marubutan na da abin da suke kira babi uku na zinariya, in ba ka kama mutum a cikinsu ba ya tafi. Shi ya sa aka fasa kan saurayin nan tun ba mu san sunan kowa ba.

Tsarin fuben kuwa kamar don wannan kasuwa aka yanka shi. Kowane zango labari ne cikakke mai farko da ƙarshe, wanda za a iya cinyewa cikin 'yan kwanaki a jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa tsakanin gida da ofis. In makarantar fatalwa ta gundure ka, mako mai zuwa asibiti ne, ko ƙauyen da ake aurar da yarinya ga gawa, da jan kayan amarya da mutum-mutumin takarda da busar suona mai kama da algaita, irin tsoron da ke fitowa daga al'adunsu na jana'iza. Marubuci ba ya rasa abin faɗa, ƙofa kawai zai sake buɗewa. Sannan manhajojin na ba mai karatu damar rubuta ra'ayinsa a gefen kowane sakin layi, sai ka ga jimla ɗaya ta tara masu hasashe, wannan na cewa likita ne, wancan na lissafin iska tun kafin jarumi ya fara. Ni kaɗai na yi nawa da takardar kuɗin wuta, su a cikin taro suke yi, kamar masu kallon dara da kowa ke ganin ya fi mai wasan iyawa.

Akwai kuma batun hukuma. Masu tace finafinai a Sin ba sa barin fatalwa ta tabbata fatalwa, shi ya sa finafinan tsoronsu ke ƙarewa da cewa mafarki ne ko taɓin hankali, abin da 'yan kallo suka mai da abin dariya. A ganina rigar wasan kwamfuta ta ba marubutan intanet wata mafita: abin da ke rarrafowa daga rijiya ba camfi ba ne, ma'aikacin wasa ne da aka ɗora a zango na uku.

A ƙarshen 2021 wani rubutu ya yaɗu a intanet ɗin Sin wanda ya tace salon har ya rage ƙashi zalla. Ba jarumi, ba labari, dokokin shiga wani gidan namun daji ne kawai. Zomo ba ya dariya, in ka ji dariya daga wajen zomaye ga abin da za ka yi. Babu gidan kifaye a nan, in ka ga gidan kifaye kada ka shiga. Sai ga dokokin ma'aikata suna karo da na baƙi, ga kuma wata sanarwa a ƙofar gidan kifayen da aka ce babu. Mutane suka yi ta zana taswira suna neman gano abin da ke cikin gidan. Daga nan reshe guda ya tsiro, guize guaitan, labaran tsoro na dokoki. Da na karanta sai na tuna kakata: kada a yi fito da dare, kada a zauna bakin ƙofa da magariba, kada a watsa ruwan zafi a tsakar gida ba bisimilla. Ba ta taɓa faɗin abin da zai faru ba, kuma rashin faɗin ne ke sa gashin jikinmu tashi. Dokar da ba a faɗi dalilinta ba tana nuna akwai wanda ya taɓa karya ta.

Inda ya gaza

Ba zan ce littafin ya riƙe ni har ƙarshe yadda ya kama ni a farko ba. Da aka yi nisa, mutane suka fara samun wasu baiwa da ake kira huixiang, "amsa-kuwwa", wannan na iya kaza, wancan na iya kaza. Daga nan takardata ta rage amfani, don wasan da za a iya cinye shi da baiwar da ban san da ita ba, ba ni da kujera a cikinsa. Wannan ciwo ne na salon gaba ɗaya. Littafin da dole ya kai babi dubu dole jaruminsa ya yi ta ƙara ƙarfi, ranar da ya fi dodo ƙarfi kuwa tsoro ya ƙare, saura dambe. Qi Xia ma wani lokaci wayonsa na wuce misali, har ka ji marubucin ne ke raɗa masa amsa.

Abin da ya fi damuna shi ne tokar igwa. Bayan babi ɗari biyu na kama kaina ina ganin sabon mutum ya shigo, maimakon in ji tausayinsa sai in ce wannan ba zai kai gobe ba, in jira in ga wace doka mutuwarsa za ta bayyana. Littafin da ke kukan an mai da mutane lamba ya koya mini ƙirga su. Gaskiya marubucin ya yi ƙoƙarin magance wannan, yakan tsaya ya ba wasu babi-babi su faɗi rayuwarsu da bakinsu, kuma waɗannan na cikin wurare mafi kyau a littafin. Sai dai ba kowa ke samun wannan gatan ba.

Sannan akwai abin da fassara ba ta iya ɗaukowa. Bayan mai kan bunsuru ya faɗi, wasa na biyu ya fara nan take: mashi irin na kamun kifi zai fito daga bango ta ko'ina, an kuma bar musu saƙo cewa su juya teburin sau ɗari ta wajen garinsu. Mutum tara, gari tara, teburi kuwa dama ko hagu kawai yake juyawa. Na kwana biyu a kan wannan kafin in yarda in karanta gaba. Na nemo taswirar Sin, na ɗiga lardunan a bayan takardata, na auna gabas na auna yamma, ban ga komai ba sai ɗigo tara a warwatse.

Na kai wa ƙanena yana shan shayi a zaure. Ya juya takardar, ya karɓi biron, ya ja layi ɗaya a kwance, ya ja wani ya gangaro ta hagu, ya haɗa sauran ɗigon suka zama ɗan akwati a ƙasa.

"Yaya, ai rubutu ne. Wannan harafin sunansa you."

"Me yake nufi?"

"Dama."